Fashin baƙi: abin da ke kifar da ƙaramar tarakta a gangara lokacin yankan ciyawa

Duk mai gona ko lambun itatuwa a kewayen Zariya ya san halin da ake shiga daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ja baya, gamba da kyasuwa sun yi tsawon da in mutum ya kutsa ciki ko hularsa ba a hangowa, ga fargabar gobara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, dan haka kowa neman mai tarakta yake ya zo da silasha, wato injin yankan ciyawa mai wuƙaƙe da ake ratayawa a bayan tarakta, ya kwantar masa da ciyawar. Kuma yanzu ƙananan taraktocin nan sun fara yawa, masu ƙarfin doki 25 zuwa 50, wasu sababbi wasu tokumbo, sun fi sauƙin haya kuma suna shiga tsakanin itatuwa inda babbar Massey Ferguson ba za ta iya ratsawa ba.

Bara a watan Oktoba na ga abin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Lambun mangwaron kawuna ne a hanyar Giwa, samansa shimfiɗe yake lafiya lau, amma ƙasansa ya gangara zuwa wani ɗan rafi. Direban yaro ne matashi mai natsuwa, ya gama saman tas, sai ya sauko ya ce "Baba, can ƙasan nan fa hankalina bai kwanta da shi ba." Kawu ya ce "haba ɗana, ɗan wannan gangaren? Ai ko da keke ina sauka. Ƙarasa mana kawai ka huta." Ni ma ina tsaye a wajen ban ce uffan ba, dan a idona wajen bai kai abin tsoro ba. Yaron ya hau, ya fara yanka a gicciye, layi na ɗaya lafiya, na biyu lafiya, a na uku tayar baya ta ɓangaren tudu ta taka wani tsohon suri da ciyawa ta rufe, wallahi da idona na ga haske tsakanin tayar da ƙasa. Allah ya ba shi sa'a ya murza sitiyari ya fuskantar da ita gangare, ta dawo ta dira da ƙarfi. Ya kashe ta ya sauko ya zauna a gindin mangwaro, ya daɗe bai iya magana ba. Taraktar nan ba ta da komai a samanta sai rumfar kwano ta kare rana.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin, ina tambayar direbobi da makanikai ina karanta littattafan da masu ƙera taraktocin ke haɗowa da su, kuma abin da na fahimta shi ne yawancinmu gangaren kawai muke kallo mu yanke hukunci, alhali gangaren rabin lissafin ne, sauran rabin yana kwance a ƙarƙashin ciyawa inda ido ba ya kaiwa.

Bari mu fara da ita taraktar. Ka ɗauki turmi da akushi ka ɗora su a kan katako ɗaya, ka fara ɗaga gefen katakon a hankali, turmi zai faɗi tun akushi bai san ana yi ba, saboda turmi dogo ne gindinsa kuma matsattse. Kowane abu yana da inda nauyinsa ya tattaru, mu kira shi cibiyar nauyi, kuma muddin cibiyar nan tana saitin cikin ƙafafun abin to yana nan tsaye, da zarar ta leƙa waje shikenan ya tafi. Tarakta turmi ce. An ɗaga cikinta sama da gangan dan ta bi ta kan kunya da amfanin gona, injinta da giyarta da direbanta duk a sama suke, ga ta ba ta da sifirin irin na mota da zai shanye gargada, abin da taya ta taka kai tsaye jikin yake ji. Ita ƙaramar kuma faɗinta kaɗan ne, da yawansu tsakanin tayoyin baya bai fi mita 1 da 'yan kai ba. Tokumbon da ake kawowa daga Japan ma da yawansu dan fadamar shinkafa aka ƙera su, wato fili shimfiɗaɗɗe mai laka, shi ya sa za ka gan su 'yan sirara da tayoyi masu dogayen haƙora. Mutane na ganinta 'yar ƙarama sai su raina ta, su ɗauka kamar babur ce da in ta karkata za ka sa ƙafa ka tare, alhali ƙarfe ne da ya kai tan guda ko fiye.

Akwai kuma wani abu da ko direbobi ba kowa ya lura da shi ba. Tayoyi huɗu gare ta amma tsayuwarta ta murhu ce, duwatsu uku. Aksul ɗin gaba a kan fin guda ɗaya yake rataye a tsakiya yana lilo dan tayoyin gaba su riƙa bin ƙasa, dan haka in ta fara karkata tayoyin gaba ba sa tare ta da farko, jikin juyawa yake a kan fin ɗin har sai ya daki matokarinsa, kafin nan kuwa in da gudu nauyin ya riga ya yi gefe.

Toh yanzu ga lissafin da ya kusa halaka yaron nan. A ce faɗin taraktar mita 1.2 ne. Tayar tudu ta hau suri ko kututture mai tsawon santimita 15, a daidai lokacin tayar gangare ta faɗa ramin gafiya ko zaizayar ruwa mai zurfin santimita 15, santimita 15 fa bai kai taƙi ɗaya na hannun babba ba. Haɗa su ka samu santimita 30 a faɗin mita 1.2, wannan kaɗai karkata ce ta kusan digiri 14. In dama gangaren digiri 12 ne, cikin ƙiftawar ido taraktar ta koma kamar tana kan digiri 26, kuma da fizga ta isa wajen, ba a hankali ba. Ka ga wajen da ka bi sau biyu lafiya a na uku zai iya kai ka ƙasa. Mu kuma a ƙasarmu ta Zazzau abubuwan nan ba sa ƙarewa a gona, suri ne, jiɓa ce, tsofaffin kunyoyi, kututturan da aka sare aka bari, dutsen marmara da ya leƙo kai, ramin da aka haƙa dan dasa itace aka fasa, har tsohuwar rijiyar lambu da ba a cike ba.

Shi ya sa a wajena aikin yankan gangara da ƙafa ake fara shi. Direba da mai gona su sa rambut saboda kububuwa da kasa, su riƙe sanda su zaga wajen kafin a tada inji, duk inda aka ga suri ko rami ko dutse a kafa doguwar sanda a ɗaura mata tsumma ko leda mai launi yadda za a hango daga kan kujera. Mai gona shi ya fi kowa sanin inda ruwa ke bi da damina, ya faɗa. Wanda ma ya fi shi ne mutum ya yi wannan zagayen tun da rani lokacin da ƙasa take tsirara, ya baje surin ya cike ramukan ya tono kututturan, in kaka ta zo aiki ya yi sauƙi. In ciyawar ta yi tsawo sosai kuma wajen baƙo ne a gare ka, yankan farko a ɗan ɗaga silasha a yi shi sama-sama a hankali dan a ga abin da ke ƙasa, sannan a dawo a kwantar.

Sai awon gangaren kansa. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan dai ido yana yaudara, musamman in ciyawa ta lulluɓe waje ta mai da shi kamar shimfiɗa. Iyakar da aka fi ambata a littattafan injinan yankan ciyawa da ake hawa ita ce digiri 15, kuma shi ma a busasshiyar ƙasa marar gargada ake nufi. Wayar hannu tana iya auna maka, akwai manhajojin awon karkata, ka kwantar da katako a ƙasa ka ɗora wayar a kai. In ba ka yarda da waya ba, ari lebur ɗin magina ka samo katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 2, ka dafa kai ɗaya a ƙasa ta ɓangaren tudu, ka ɗaga ɗaya kan har lebur ya nuna ya daidaita, sai ka auna daga bakin katakon zuwa ƙasa. In ya kai rabin mita kana kan digiri 14 kenan, wato ka iso bakin iyaka. Kuma ka auna inda ya fi tsanani, kar ka zaɓi inda ya fi daɗi. Da muka koma muka auna na kawu, wajen da muke cewa ɗan gangare ya haura rabin mitan nan a wurare biyu.

Masu aikin bangon dam da tafkunan kifi su ji wannan da kyau. Yawancin bangon dam na ƙasa ana gina shi ne a kan duk mita 2 ko 3 na tafiya a hau mita 1. Mita 3 ɗin digiri 18 ne da ɗoriya, mita 2 kuwa ya kusa digiri 27, duka sun wuce iyaka, ga ruwa yana jira a ƙasa ta ɗaya ɓangaren. Irin wannan waje aikin langalanga ne da injin ratayawa a kafaɗa. Haka bakin rafi da bakin kududdufi da kwazazzabo, ƙasar bakin na iya zama ruwa ya cinye ƙarƙashinta, samanta kawai ya rage da saiwoyin ciyawa ke riƙe da shi. Ƙa'idar da ake bi mai sauƙi ce, gwargwadon zurfin ramin gwargwadon nisan da za ka ba shi, in zurfinsa mita 2 ne kar tayarka ta matsa kusa da mita 2 daga baki, in ƙasar yashi ce ko tana da danshi kamar yadda bakin kogunan Galma da Kubanni na nan Zariya ke zama bayan damina sai ka ƙara.

In an auna waje ya halatta, sai a shirya taraktar, kuma shirin bai wuce mai da turmi ya ɗan yi kama da akushi ba, a faɗaɗa gindi a saukar da nauyi. Tayoyin baya na yawancin taraktoci ana iya buɗe su, rim ɗin yana da ciki da baya kamar kwano, in aka musanya na dama ya koma hagu na hagu ya koma dama sai faɗin ya ƙaru kuma haƙoran tayar su ci gaba da kallon inda ya dace. Aikin awa ɗaya ko biyu ne wajen makanike amma amfaninsa ba kaɗan ba ne. Sannan a zuba ruwa a tayoyin baya, a juya taya bawul ya koma sama a cika har ruwan ya kai saitin bawul, wato kamar kashi 75 cikin 100, ragowar a bar wa iska. A ƙasashen sanyi sai sun haɗa ruwan da sinadari saboda ƙanƙara, mu nan Allah ya hutar da mu. Iskar tayoyin ta zama daidai dama da hagu, dan tayar da ta yi laushi in ta koma ɓangaren gangare ƙarin karkata ce kyauta. In akwai bokitin loda a gaba, ko dai a cire shi gabaɗaya ko a sauke shi ya kusa taɓa ƙasa, na sha ganin direbobi sun ɗaga bokiti sama wai dan su ga gabansu, wannan ɗaga cibiyar nauyi ne da hannunka. Ita kuma silasha nauyi ce a rataye can baya, tana sa gaban tarakta ya yi sakayau, in ka ji sitiyari ya yi sauƙi fiye da kima to tayoyin gaba ba su kama ƙasa sosai ba, a sa ƙarafan nauyi a gaba. Kar kuma a haɗa ƙaramar tarakta da silashar da ta fi ƙarfinta dan kawai ita ce a hannu.

Birki. Fedar birki biyu ce, ta dama da ta hagu, an raba su dan juyawa a ƙarshen kunya lokacin huɗa, kuma akwai ɗan ƙarfen da ke haɗe su wuri ɗaya. A gangara a haɗe su. In ka taka guda ɗaya kana saukowa, taraktar za ta wulwula ta ba gangaren gefenta, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. A tabbata kuma biyun suna kamawa daidai, dan a taraktar huɗa sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya cinyewa.

Yanzu tuƙin. Mai tura injin yankan ciyawa na hannu a gicciye ake so ya bi gangara dan kar ya zame injin ya hau ƙafarsa, amma mai tarakta akasin haka ne, sama da ƙasa ake bi, a miƙe, yadda tayoyin dama da hagu za su kasance a tsawo ɗaya. Juyawa a yi ta a inda ya daidaita, can sama ko can ƙasa, a buɗe kwanar sosai kuma a hankali, saboda ƙarfin da ke jefa abin hawa waje a kwana ba ninki ɗaya yake bin gudu ba, in ka ninka gudu sau biyu shi sau huɗu yake ninkuwa. Kar a ɗaga silasha can sama ana juyawa. In hawan ya yi tsauri, a hau da ribas a sauko da gaba, wato hancin taraktar kullum yana kallon gangare. In kuma dole ta sa sai an ɗan gitta, a yi tafiyar ƙafa, duk wani abu mai nauyi da ke rataye a gefe ya kasance ta ɓangaren tudu, kuma da ka ji ɓangaren sama yana sakin ƙasa ka karya sitiyari zuwa gangare. Jiki zai ce maka ka gudu sama, kar ka bi shi, juyawa sama ƙarasa ta yake yi. Abin da ya ceci yaron nan kenan.

Maganar giya tana da ɗan sarƙaƙiya, saboda silasha tana son inji ya yi ƙara sosai kafin pitiyo, wato ƙarfen bayan tarakta da inji ke juyawa dan ya juya wuƙaƙenta, ya kai juyi 540 a minti da take buƙata, dan haka ba da totur ake rage gudu ba, da giya ake ragewa. Ka zaɓi ƙaramar giya tun kana sama a fili, giyar da za ta iya hawa da kai ita za ka sauko da ita, kuma in ka fara saukowa ƙafarka ta bar kuloci. Wanda ya taka kuloci ko ya sa firi a gangara ya cire injin daga aikin riƙe taraktar, ya bar wa birki shi kaɗai, kuma giyar tarakta ba ta mota ba ce da za ka mayar cikin sauƙi tana gudu. Mai fowil, wato taraktar da inji ke iya jan tayoyinta huɗu duka, ya sa fowil ɗinsa. Dalili kuwa yawancin ƙananan taraktoci birkinsu a tayoyin baya kawai yake, in kana saukowa nauyi gaba yake komawa, tayoyin baya su yi sauƙi, ga ɗanyar ciyawar da aka yanke mai santsi kamar kuɓewa a ƙarƙashinsu, sai ka ga an taka birki taya ta tsaya amma tarakta na tafiya. Fowil yana ɗaure tayoyin gaba da na baya, sai riƙon ya zama na huɗu. Saboda santsin nan ne ma bai kamata a yi sammakon yankan gangara ba, a fara da fili a bar raɓa ta bushe zuwa hantsi, in an yi ruwa jiya kuma a ƙara haƙuri.

Tsofaffin taraktoci da wasu ƙananan tokumbo suna da wata matsala ta daban, pitiyonsu a haɗe yake da giya, in ka taka kuloci dan ka tsaya wuƙaƙen silasha da suka riga suka ɗauki juyi sai su ci gaba da tura taraktar gaba ta cikin shaf, wato sandar da ta haɗa pitiyo da silasha. A bakin rafi wannan 'yar turawar ta isa. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake sawa a bakin pitiyo wanda ke barin shaf ya ci gaba da juyawarsa ba tare da ya tura giya ba, duk mai irin wannan taraktar ya neme shi kafin ya haɗa silasha.

Kifewa ta gefe ita ta fi yawa, a ƙididdigar Amurka kusan kashi 85 cikin 100 ne, amma ta baya ta fi saurin kisa. Yadda take faruwa shi ne inji yana murza tayoyin baya, in tayoyin suka kafe suka ƙi juyawa, to jikin taraktar ne zai juya a kansu, gaba ya tashi sama. Cikin kashi uku bisa huɗu na daƙiƙa ta kai inda ba ta dawowa, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kwanta a kan direba, kafin ƙafa ta lalubo kuloci an gama. Abin da ke jawo ta sanannu ne, sakin kuloci da ƙarfi ana fuskantar tudu, ko taya ta nutse a taɓo a ɗaura mata gungume a ce a ja gaba, ko a ɗaura sarƙa a sama wajen hannun maƙala na tsakiya ana jan kututture. In ka maƙale fita da ribas, in za a ja wani abu kuma a ɗaura a doroba, ƙarfen ja na can ƙasa, shi kaɗai.

Duk wannan dabarun rage hatsari ne, amma mutum tara yake bai cika goma ba, wata rana sai an yi kuskure, kuma ranar abin da ke raba mai rai da gawa shi ne ƙarfen kariyar nan mai kamar ƙofa da ke tsaye bayan kujera, wanda za ka ga an rubuta ROPS a jikinsa. Ba ya hana faɗuwa, aikinsa ya tokare ƙasa ya hana taraktar ci gaba da mirginawa, ya bar wa direba ɗan fili da ƙarfe ba zai danne shi ba. Ƙasar Suwidin ta wajabta shi a kan sababbin taraktoci tun 1959 kuma mace-macen kifewa suka faɗi warwas a can. Amurka ta wajabta shi a 1976 ga taraktocin da ma'aikata ke tuƙawa, daga 1985 kuma kamfanoni suka mai da shi abin da ke zuwa da kowace sabuwa. Hukumomin lafiyar ma'aikata na can sun ce in aka haɗa shi da bel yana hana mutuwa ko mummunan rauni da kusan kashi 99 cikin 100. Bel ɗin shi ke riƙe ka a cikin filin, in ba ka ɗaura ba za ta watso ka waje ne ƙarfen da aka sa dan ya cece ka ya zama shi zai danne ka. Amma a kula, in taraktar ba ta da ƙarfen, ko an naɗe shi, ba a ɗaura bel.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda muke yi da ƙarfen nan a nan. Wani ya cire shi dan yana kama rassan mangwaro, wani ya naɗe shi dan ya shiga rumfa ya manta shekara guda bai miƙe da shi ba, wani ya kai wa mai walda ya huda shi ya liƙa masa rumfa. Huda shi ko yi masa walda raunana shi yake. Rumfar da mai walda ya haɗa da bututun ruwa kuwa inuwa ce kawai, ranar da tan guda ya faɗo a kanta lanƙwashewa za ta yi kamar gwangwani, na gaskiyan an gwada shi ne a masana'anta da ƙarfi da nauyin wannan samfurin taraktar, har kusoshin da ke riƙe shi na musamman ne. In rassa ne matsalar a sassabe rassan. Mai shirin sayen tarakta kuma ya sa wannan cikin abin da zai duba tun kafin ya tambayi kuɗi.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Sai mutanen da ke kewaye. Kujera ɗaya ce a tarakta, kuma na gaji da ganin yaron mota ko yaran unguwa a zaune kan madigadi ana aiki, a gangara gargada ɗaya ta isa ta jefo yaro gaban taya ko gaban wuƙa. Silasha tana harba dutse da guntun ƙarfe kamar harsashi, littattafan masu ƙerawa da dama cewa suke a nisanta mutane da kamar mita 90, mu kuwa yara har bin bayanta suke suna jiran gafiya ko zomo ya fito. Direba in ya ga mutum ya matso ya kashe pitiyo kawai, ba sai an yi ta ihu ba. Shaf ɗin kansa juyi 9 yake a daƙiƙa ɗaya, in ya kama bakin riga ko hirami ko jelar rawani kafin mutum ya ce wayyo ya naɗe shi, dan haka robar da ke rufe shi ba kwalliya ba ce, kuma ranar aiki ba ranar jamfa mai faɗi ba ce. In ciyawa ko waya ta naɗe wuƙa, a sauko fili, a sauke silasha, a ja birkin hannu, a kashe inji a zare makulli, a jira wuƙaƙen su tsaya cak dan suna daɗewa suna juyi bayan an kashe. Kar a shiga ƙarƙashin silashar da hayidirolik kaɗai ke riƙe da ita, a tokare ta da gungume.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata a bari, ta faka tarakta a kan gangara da gangan saboda batir ya mutu, dan gobe a sake ta ta gangara a tada ita da giya. Da silasha a bayanta, a kan ciyawa mai raɓa, inji a mace, sitiyarin hayidirolik ya yi tauri, wannan ganganci ne tsantsa. Haka tada ita da sukundireba mutum na tsaye a ƙasa gaban tayar baya, in tana cikin giya kansa za ta fara bi. Kuɗin batir bai kai darajar ran mutum ba. Da hunturu kuma a riƙa tsayawa ana share ƙaiƙayin ciyawa daga lagireto da wajen salansa, busasshiyar ciyawa da zafin inji su ne gobarar da aka zo gudu tun farko.

In abin ya faru duk da haka, mai ƙarfen kariya da bel ya ƙanƙame sitiyari ya zauna, kar ya yi tsalle. Waɗanda ke kusa su fara kashe inji, su tokare taraktar kar ta ƙara motsi kafin a taɓa wanda ke ƙasa, kuma a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure ba a naɗe shi a bayan babur ba, saboda wuya da ƙashin baya, a nufi asibitin koyarwa na Shika ko wanda ya fi kusa ko da ya ce ba ya jin komai, dan jinin ciki ba ya nuna kansa da wuri. Wannan ma dalili ne na kar mutum ya je yankan gangara shi kaɗai, a samu wani yana kallo daga nesa, waya kuma ta kasance a aljihun direba. Ita taraktar bayan an tashe ta kar a yi saurin tada inji, man inji yakan kwarara ya shiga saman fistin, makanike ya duba tukuna.

Amma ni inda na fi ganin gyara shi ne tsakanin mai gona da direba. Direban haya yawanci yaro ne, taraktar ba tasa ba ce, ana biyansa ne gwargwadon filin da ya gama, ga dattijo sa'an babansa yana ce masa ƙarasa mana, a tarbiyyarmu da wuya ya iya cewa a'a sau biyu. Yaron kawu sau ɗaya ya faɗa, da aka matsa sai ya hau. Dan haka nauyin yana kanmu masu gona da masu taraktar, in direba ya ce waje bai yi masa ba a karɓa daga bakin farko, kar a rage masa kuɗi kar a kira shi matsoraci, shi ke kan kujerar yana jin abin da mu na ƙasa ba ma ji. Mai taraktar ma ya gaya wa yaransa a fili cewa yana bayansu in suka ƙi wani waje. A yi ciniki tun farko a ware inda inji zai yi da inda hannu zai yi.

Bana haka muka yi a lambun kawu. Da rani aka baje surin aka cike ramuka uku, muka kafa turaku a jere daidai inda katakon ya fara nuna rabin mita, daga turakun zuwa sama tarakta ta yi, sama da ƙasa, daga nan zuwa bakin rafi kuma samari huɗu suka shiga da langalanga suka gama cikin kwana biyu, wani mai kiwo ma ya zo ya kwashe ciyawar ya rage mana kuɗin aikin. Yaron nan dai shi muka sake kira, kuma kafin ya tada inji kawu da kansa ya riƙe sanda suka zaga tare.